Shari'ar Rijiya a Aji Huɗu

Rafin Kuza, ta Riruwai,
9 ga Fabrairu, 1952.

Zuwa ga aminina Malam Alkasim, mai duba makarantu, Bebeji.

Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, tare da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Maijidda da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Takwaranka ya fara rarrafe, ya kuma gano inda nake ɓoye tawada, saboda haka in ka ga wani zane a gefen takarda, gaisuwarsa ce.

Bayan haka, ina taya ka murna. Direban motar kuza ne ya kawo mana labarin cewa an ɗaukaka ka, an ba ka duba makarantun kudu duka, har da sabon keke. Na yi dariya har mai ɗakina Safara'u ta leƙo ta ga ko lafiya. Alkasim ɗin da muka kwana ɗaki ɗaya shekara uku a makarantar horon malamai, wanda ba ya tashi da asuba sai na yayyafa masa ruwa, shi ne yau zai riƙa binciken ko malamai suna zuwa aiki da wuri! Allah ya sanya albarka, ya riƙa maka. Wallahi na ji daɗi kamar ni aka ba.

To, tun da ka zama babba, bari in kawo maka kukana. Bana an ba ni aji huɗu, yara goma sha tara, rabinsu 'ya'yan leburan kuza, rabi na manoma. Ran farko na ɗauko littafin nan na labaran mutanen dā, wanda mu ma aka karanta mana muna yara. Kwafi shida muke da shi, duk sun ji jiki. Na miƙa wa wani yaro mai suna Habu. Ya miƙe tsaye, ya karanta shafi guda cur bai yi tuntuɓe ba, da murya mai daɗi, yana rausaya. Na ce madalla. Sai na tambaye shi wane ne ya hau jakin a cikin labarin. Ya yi zuru, ya dube ni, ya dubi littafi, sai ya koma farkon shafi ya sake karantowa. Na tambayi na biyu, shi ma haka. Duk ajin haka suke, Alkasim. Baki yana aiki, kai yana barci.

Ban ga laifinsu ba. A makarantar allo aka fara koya musu karatu, can kuwa riƙo ake fara yi, ma'ana ta zo daga baya in mutum ya girma, kuma a can hakan shi ne daidai. Su kuma suka ɗauka kowane rubutu haka ake yi masa. Amma ka san jarrabawar shiga makarantar Midil ba ta tambayar daɗin murya. Za a ba su labari a ce su faɗi dalilin abu, kuma in ba su ci ba, to kwanon wankin kuza ne ke jiran su.

Ga dabarar da na ɓullo da ita, kada ka yi mini dariya. Na sa Safara'u ta ɗinke shafin ƙarshe na kowane labari da allura da zare, a duk kwafi shidan. Yara su karanta har inda zare ya tare su. Daga nan sai mu kawar da bencina mu kafa shari'a. Ɗaya ya zama alƙali, ɗaya mai ƙara, ɗaya ya tsaya wa wanda ake ƙara, ɗaya kuma muhuti mai rubuta abin da kowa ya faɗa. Mutanen cikin labarin ake yi wa shari'a. Doka ɗaya ce tak: ba mai buɗe baki sai ya ɗora yatsa a kan layin da ke ba shi shaida. Sai an yanke hukunci sannan in tsinke zaren, mu ga yadda mai littafi ya ƙare nasa.

Mun fara da labarin mutumin da ya karɓi aron akuya don ya shayar da marayan ɗansa, akuyar ta haihu a hannunsa. Mako na farko ba wanda ya ce uffan, suna jiran in gaya musu amsa su haddace. Na zauna na naɗe hannu. A mako na biyu wata yarinya, Kulsum, 'yar wani mai gyaran diga, ta ɗaga yatsa a hankali ta ce ai mai akuyar ya san tana da ciki lokacin da ya bayar, don an ce ya shafa cikinta kafin ya miƙa igiya. Sai aji ya kacame da gardama. Har aka buga ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa.

Hedimasta, Malam Mainasara, ya leƙo ya ce shi dai a zamaninsa aji mai hayaniya ajin malalacin malami ne, amma ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama, kuma na ga yana murmushi.

Ka zo ka gani da idonka. In keken ya ƙi hawa tudun Riruwai, mu turo shi. Safara'u tana gai da Maijidda ƙwarai. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne naka har kullum,
Jibrin.

Rafin Kuza,
18 ga Mayu, 1952.

Zuwa ga aminina Malam Alkasim.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya gida, yaya fama da hanya? Yaya ruwa a wajenku? Mu nan an yi na shuka tun makon jiya. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku, na karanta wa Safara'u wurin da ka ce ita ce telar ilmi ta farko a ƙasar Kano. Ta ce a gaya maka ladan ɗinkinta goro ne, kuma fari take so.

Na ji uzurinka na rashin zuwa, na kuma yarda. Amma ka yi asara, don makon jiya aka yi shari'ar da ta fi kowacce. Ka tuna labarin rijiya? Makiyayi ya haƙa rijiya a daji, mutane suka zo suka zauna kewaye da ita har wurin ya zama gari, aka naɗa mai gari. Mai gari ya ce ƙasa tasa ce, saboda haka rijiya ma tasa ce, ya kori makiyayin. Ka san mai littafin bai ce wane ne da gaskiya ba ko a wuri ɗaya. Mu kanmu da muka karanta shi muna yara, abin da muka riƙe kawai shi ne sunan saniyar makiyayin.

Lado ne ya tsaya wa mai gari, kuma ya yi ƙoƙari. Ya nuna layin da aka ce makiyayin bai nemi izinin kowa ba kafin ya haƙa. Idi ya amsa masa da cewa lokacin ai babu kowa a wurin balle a nemi izininsa, ya nuna layi. Aka yi ta ja. Kulsum tana ta bin shafi da yatsa. Can sai ta ce ita ba ta bukatar shaida daga wajen kowa, mai garin da kansa ya ba da shaida a kan kansa. Ta nuna wani ɗan layi a shafi na uku, wanda ni kaina ban taɓa lura da shi ba, inda aka ce tun daga ranar mai gari yana aika barorinsa rafi su ɗebo masa ruwan sha. Ta ce mutumin da ya ƙwace rijiya kuma ya kasa shan ruwanta, ya san abin da ya yi.

Ka ji fa, Alkasim. Shekara ashirin ina tare da labarin nan, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta nuna mini abin da ke cikinsa. Na juya wajen allo na yi kamar ina gogewa, don kada su ga idona.

Sai Habu, shi da ba ya rasa ta cewa, ya ce to ashe mai garin littafi da namu na nan tela ɗaya ya naɗa musu rawani. Aji ya fashe da dariya. Ka san bara mai garinmu ya hana leburori wanke kuza a kududdufin yamma sai da izininsa, uban Habu kuwa yana cikinsu. Na tsawata masa, na ce shari'armu ba ta fita daga bangon littafi, kuma maganar da ba ta da shaida a shafi muhuti ba ya rubuta ta. Amma tsakanina da kai, da na koma gida na yi dariyata ta ishe ni.

Malam Mainasara bai yi dariya ba. Ya kira ni gefe ya ce, ɗana, zamanin nan na jam'iyyu ne, bango ma kunne gare shi, ka bar yara su yi wa akuya shari'a amma ka raba su da masu rawani. Na ba shi haƙuri, na ce labari ne kawai, kuma littafin ofishin ilmi ne ya aiko mana da shi, ba ni na rubuta ba. Tsoho ne mai kirki, tsoro ne dai ya yi masa yawa.

Ka ce in aiko maka da littafin muhuti, wanda ke ɗauke da abin da kowane yaro ya faɗa da sunansa, don ka nuna wa malaman Kiru da Dangora yadda ake yi. Ga shi nan tare da takardar nan, na naɗe shi a tsumma saboda ruwa. Ka kula mini da shi, ba ni da wani. In dabarar nan ta kai wasu makarantu ta hannunka, na gama samun ladana.

Mun aika da sunayen waɗanda za su zauna jarrabawa a watan Nuwamba: Habu da Lado da Idi don Midil, Kulsum kuma don makarantar 'yan mata a Kano. Sai da na yi sawu bakwai gidansu kafin ubanta ya yarda. Su huɗun nan su ne aikina na bana, in sun wuce ban yi zaman banza a dutsen nan ba. Ka sa su a addu'a.

A gai da mutanen gida duka. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Jibrin.

Rafin Kuza,
3 ga Agusta, 1952.

Zuwa ga aminina Malam Alkasim.

Ina gaishe ka, ina gai da iyali, da fatan kowa lafiya. Shirunka ya yi yawa. Takarda biyu na aiko ban ji amsa ba, har Safara'u ta ce ko in je Bebeji in duba ko ciwo ne. In ciwo ne Allah ya sawwaƙe, in aiki ne Allah ya taimaka.

Ni dai hankalina ba a kwance yake ba. Ranar Talata masinja ya zo daga Tudun Wada da takarda zuwa ga Malam Mainasara. Aka ce a tattara littattafan labaru shidan nan a ba shi, kuma a dakatar da abin da takardar ta kira kotun yara. Na tattara da hannuna, yara suna kallo. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne layin ƙarshe, inda aka ce an riƙe sunayen yaranmu huɗu, ba za a sa su cikin masu jarrabawa ba sai an gama bincike.

Binciken me? Malam Mainasara ya ce ana raɗe-raɗin wai a ajina ana koya wa yara zagin sarakuna. Ni da ko taron jam'iyya ban taɓa tsayawa kallo ba! Na rasa wanda ya kai wannan magana. Na zargi mai gari, na zargi wani malamin aji biyu da ba ma shiri, har na daina amsa masa gaisuwa da sakin fuska, Allah ya yafe mini in na zalunce shi.

Alkasim, kai ne shaidata. Duk ƙasar nan ba wanda ya san abin da nake yi da dalilinsa kamar kai. Littafin muhuti yana hannunka. Don Allah ka kai shi ofis, ka buɗe musu, su ga kowace magana da lambar shafinta a gefe, su ga karatu ne ba siyasa ba. Maganarka tana da nauyi yanzu. Ni ko an canja mini gari ban damu ba, amma yaran nan saura wata uku. Uban Kulsum ya tare ni a kasuwa jiya ya tambaye ni ko gaskiya ne 'yarsa ta yi laifi a makaranta.

Ka amsa mini ko da layi biyu ne, ta hannun direban nan.

Naka mai jiran ka,
Jibrin.

Rafin Kuza,
14 ga Satumba, 1952.

Zuwa ga Malam Alkasim.

Sallama irin ta Musulunci. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mu ma da sauƙi.

Ranar Alhamis aka kira ni Tudun Wada. Na tafi da ƙafa tun da sassafe, rafuka sun cika, na isa rigata sharkaf. Aka shigar da ni wani ɗaki gaban wani babban malami da ya zo daga ofishin ilmi. Na durƙusa na gaishe shi, zuciyata ɗaya, don na ɗauka ka riga ka yi magana. Da na ɗaga kai na ga littafin muhuti a kan tebur, har na ce alhamdu lillahi a raina, Alkasim ya cika aboki.

Sai ya jawo wata takarda daga ƙarƙashinsa. Takardata ce ta watan Mayu, wadda na rubuto maka. An ja jan layi a ƙarƙashin maganar Habu ta rawani. An ja wani a ƙarƙashin inda na ce na yi dariyata ta ishe ni. An ja wani a inda na ce Malam Mainasara tsoro ya yi masa yawa. A samanta an maƙala wata 'yar takarda da allura, mai cewa ana gabatar da wannan don a ga irin abin da ke faruwa a Rafin Kuza. Bai nuna mini sa hannu ba, ya rufe shi da babban yatsa. Bai san shekara uku ina kwafar darasi daga littafinka ba, rubutunka ba ya ɓuya mini.

Na sake duban rubutun. Ya tambaye ni ko a kawo mini ruwa.

Maganar Habu ba ta cikin littafin muhuti, ka sani, ni na hana a rubuta ta. Ba ta a rubuce ko'ina a duniya sai a takardar da na rubuta wa mutumin da na raɗa wa ɗana sunansa. Na rubuta ta ne don ka yi dariya, yadda muke yi a ɗaki in an kashe mana baki a aji. Kai kuma ka ɗauki jan fensir.

A hanyar dawowa na ji sauran labarin a bakin wani malami na Tudun Wada. Wai an zaɓe ka kwas a Ingila baɗi, sai wani ya rubuta cewa kai aminin malamin nan ne na Rafin Kuza da ake magana a kansa, aka ce sai ka wanke kanka. Na gane tsoro, ni ma ɗan Adam ne. Da ka zo ka ce mini, Jibrin, ga halin da nake ciki, wallahi da na ce ka ce ba ka san ni ba, da na rubuta takardar barin aiki da hannuna na ba ka ka kai. Amma ba ni kaɗai ka miƙa ba. Ka miƙa yara huɗu da sunayensu da sunayen iyayensu. Kuma lokacin da ka rubuto kana neman littafin don malaman Kiru da Dangora, ka riga ka san inda za ka kai shi, ko kuwa daga baya ne? Wannan tambayar ce ke hana ni cin abinci. Na lissafa kwanaki gaba da baya, ban samu amsar da za ta yi mini daɗi ba.

Babban malamin bai yi mini tsawa ba. Ya ce magana biyu ce. Ko dai yaran nan daga kansu suka faɗi abin da suka faɗa, wato ke nan daga gidajensu suka ɗauko shi, to ba za a kai irin waɗannan makarantar gaba ba, kuma za a dubi iyayensu. Ko kuwa yara ne da ba su san komai ba, malami ya sa musu magana a baki suka maimaita, to laifin na malami ne shi kaɗai. Na ce ranka ya daɗe, akwai ta uku, sun karanta ne suka gane. Ya ce yaron aji huɗu ba ya gane irin wannan. Ya ba ni mako biyu in rubuto wadda ta faru a cikin biyun.

Na nemi gafarar malamin aji biyu jiya, bai ma san dalili ba. Safara'u ta tambaye ni me aka ce a Tudun Wada, na gaya mata komai ban da sunanka. Ta ce ko Alkasim ba zai iya taimakawa ba. Na ce mata ka yi iyakar ƙoƙarinka.

Wassalam.
Jibrin.

Ƙafin Maiyaki,
23 ga Nuwamba, 1952.

Zuwa ga Malam Alkasim, Bebeji.

Bayan sallama, ina fata kuna lafiya. Na dawo gidan mahaifina, mun samu ana girbin dawa, hannu ɗaya ya ƙaru. Yaron yana lafiya, ya fara tafiya. Takardunka biyu sun iso. Na karanta inda ka ce ba ka zaci abin zai kai haka ba, da inda ka ce za ka nema mini aikin akawu a wani kanti. Na gode, ba na so.

Kana ɗakin ranar da aka gwada yaran, amma akwai abin da ba ka sani ba, kuma ina so ka sani.

Na rubuta abin da aka nema. Na rubuta cewa yaran aji huɗu ba su fahimci labarin rijiya ba, ko wani labari. Na ce ni ne nake tsara maganganun a gida in ba su su haddace, har da ta Habu, har da ta Kulsum a kan ruwan rafi. Na ce ba su san ma'anar abin da suke faɗa ba, karatun baki kawai suka iya. Sau huɗu ina yaga takardar kafin hannuna ya yarda. Tun da na fara aikin malanta abu ɗaya na yi da nake alfahari da shi, shi na zauna na ƙaryata da alƙalamina, na sa hannu.

Daga ranar aka hana ni shiga aji, aka hana ni magana da yaran. Malam Mainasara ya rantsar da ni, na kuwa kiyaye. Ko a hanya na hango ɗayansu sai in sake hanya. Saboda haka ba wanda ya gaya musu komai, ba wanda ya shirya su. Ranar da kuka zo kai da babban malamin don a gwada ko abin da na rubuta gaskiya ne, na ɗauka komai zai rushe. Na san yarana. Wata bakwai ina koya musu kada su bar maganar da ba ta da shaida ta wuce. Na tabbata da an karanta takardar za su miƙe su ce ƙarya ce, su kawo hujja, su kashe kansu da bakinsu.

Ka tuna yadda aka yi. Aka tsayar da ni a bayan aji. Malam Mainasara ya karanta takardata da ƙarfi, sau ɗaya. Na ga kunnen Habu ya motsa, ya dafa benci zai tashi. Kafin ya miƙe Kulsum ta riga shi, ta ce Malam a ba ta izini ta yi karatu. Aka miƙa mata ɗaya daga cikin littattafan da aka karɓe. Ta karanta labarin rijiya da irin muryar nan ta watan Fabrairu, tana rausaya, ba ta tsaya a inda ake tsayawa ba. Babban malamin ya tambaye ta wa ke da laifi. Ta dube shi, ta dubi littafi, ta koma farkon shafi ta sake karantowa. Habu ya zauna. Da aka zo kansa ya ce shi dai abin da Malam ya ce a faɗa shi yake faɗa. Lado haka, Idi haka. Har aka gama ba wanda ya waiwayo ya dube ni, sai da za a fita Kulsum ta wuce ta gabana idonta a ƙasa, hawaye yana ɗiga a kan allonta.

Babban malamin ya gamsu. Ya ce ai ya faɗa, yara ne, ba su san komai ba. Ya mayar da sunayensu, ya ce ni kuma in tattara kayana. Sun zauna jarrabawa ranar goma ga wata, su huɗu. Malam Mainasara ya aiko mini cewa sun fito suna murmushi. Sakamako yana wurin Allah.

Ka duba abin da suka yi, Alkasim. Takarda ce da ba su taɓa gani ba, an karanta musu ita sau ɗaya, ba a ba su ta riƙe ba. Abin da ta faɗa daban, abin da take roƙonsu daban. Suka ji ta, suka gane wanda ya rubuta ta da dalilinsa da abin da zai biyo baya in suka musa, cikin lokacin da bai kai a sha ruwa ba. Ban taɓa ba su gwaji mai wuyar wannan ba, kuma ba wanda ya faɗi.

A duk ɗakin nan mutum biyu ne suka san abin da ake kallo, ni da kai. Na ga fuskarka lokacin da ta koma farkon shafi. Kai ne mai duba makarantu, an ɗauke ka aiki don ka nemo inda yara ke gane karatu ka ba da labari. Ka gani da idonka sau ɗaya, kuma ba ka da wanda za ka iya gaya wa, nan ko a Ingila, har ka mutu. Ni ma haka, amma ni na san abin da na saya da shirun nawa.

Ban yi maka baki ba, ba kuwa zan yi ba. In mun haɗu a jana'iza ko a masallaci zan ba ka hannu. Amma kada ka ƙara rubuto mini, don ban san inda amsata za ta kwana ba.

A gai da Maijidda, ita ba ruwanta. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Wassalam.
Jibrin, Ƙafin Maiyaki.